Surukina Ne Ya Yi Mini Tafinta

Da sunan Allah nake farawa. Malaminmu na ajin manya, wanda ke koya mana boko a bayan masallacin unguwarmu, ya ce kowa ya rubuta abin da ya sani da kyau. Ni abu biyu na sani, garba da ciwon da ke cikina. Garba babu wanda bai san ta ba a Abidjan, don haka na ciwon zan rubuta, ko wani zai karanta ya huta da wahalar da na sha.

Sunana Sha'aibu, mutumin Konni ne ni, na haura hamsin. Tun ina saurayi na shigo Abidjan, kuma rumfata tana Bracodi cikin Adjamé, inda nake sayar da garba, wato aceke, dambun rogon nan, da soyayyen kifin tuna da barkono. Masu saye Garba suke kirana, kamar yadda suke kiran duk wani mai rumfa irin tawa. Na daɗe da daina gyara musu.

Ciwon ya fara ne ta inda ba a faɗa a gaban mutane. Bayan gida ya rikice mini, yau ya ɗaure, gobe ya kwance, wani lokaci har da jini. Na ce basir ne, don kowane namiji da na sani yana da nasa basir ɗin. Na sayi magani wurin mai lasifika a tashar Adjamé, wanda ke cewa kwalbarsa ɗaya tana maganin basir da ciwon baya da rashin kasuwa. Na sha wata da watanni. Wando ya fara zame mini, na ƙara huda a bel, na sake ƙarawa. Matata Hajjo ta ce in je asibiti, na ce mata sai kasuwa ta lafa. Rannan ina juya kifi a kasko juwa ta ɗauke ni. Da na farfaɗo sai na ga kaina kwance a benci, wani ɗan makaranta yana yi mini fifita da faranti, yana kuma tambaya wa zai ba shi canjinsa.

Daga ƙaramin asibitin unguwa aka tura mu wani babba a Treichville. A nan maganar harshe ta taso. Faransancina na kasuwa ne: na iya ciniki, na iya rama zagin yaron mota, na iya cewa babu bashi yau. Hajjo tana jin Julanci, harshen kasuwar garin nan, kamar a nan aka haife ta, amma dole wani ya tsare rumfa. 'Yarmu Balkisu ta yi makaranta, sai dai tana da tsohon ciki, kuma ita ce 'yar fari, ko sunanta ba na faɗa da baki, yau ma don rubutu ne. Sai yayana Alhaji Idi, mai fataucin albasa a Treichville, ya yanke magana. Ya ce, “Ga Nasiru nan. Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Me ake nema kuma?”

Nasiru mijin Balkisu ne. Haifaffen Treichville ne, yana aiki a wani ofishin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa. Yaro ne mai tarbiyya. Har yau a tsugune yake gaishe ni, bai taɓa cin abinci a gabana ba, kuma tun da ya auri 'yata maganarmu ba ta taɓa wuce ina kwana da ina gajiya ba. Wannan shi ne mutumin da aka zaɓa ya tsaya tsakanin hanjina da likita.

Ranar farko muka yi sammako, amma muka tarar bencuna sun cika. Akwai waɗanda suka taho daga garuruwa masu nisa da tabarmi da tukunya. Sai bayan azahar aka kira mu. Likitar mace ce, gajera, mai tabarau, ba ta girmi 'yata da yawa ba. Ta yi tambaya mai tsawo, tana nuna cikinta da hannu, sannan hannun ya yi ƙasa. Nasiru ya ɗaga kai ya zuba wa fankar sama ido. Gumi ya tsatso masa a goshi.

Ya ce, “Baba, wai tana gaishe ka. Ya jiki?”

Na ce, “Da sauƙi, alhamdu lillahi.”

Ya faɗa mata kalma biyu. Ta dube ni, ta sake wata tambayar da ta fi ta farko tsawo.

“Baba, wai ya ƙarfin jikin dai?”

“Da sauƙi ƙwarai. Ka ce mata na gode.”

Kada mai karatu ya zaci ban gane ba. Na ji ta ambaci bayan gida da kunnena, wannan kalmar kam na san ta. Amma daɗi na ji a raina. Na ce lallai 'yata ta yi dacen miji, ga yaro ya rufa mini asiri, ya rufa wa kansa. Yadda ba zai iya tambayata sau nawa nake zagayawa ba, haka ni ma ba zan iya ba shi amsa ba.

A mako na biyu aka ce za a yi wani gwaji. Nasiru ya fito da takarda ya ce, “Baba, hoto za su yi maka.”

“Hoton ina?”

“Na ciki.”

“Ta ina za su ga cikin?”

Sai ya zaro wayarsa ya kara a kunne yana “Alo? Alo?” ya yi waje. Wayar ba ta yi ƙara ba, ina tsaye kusa da shi. Sai da na shiga ɗakin ma'aikacin ya nuna mini tiyon da ke da fitila a baki, ya kuma nuna mini hanyar da zai bi. Na yi salati na kwanta.

Da sakamako ya fito, Yaya Alhaji da Nasiru ne suka shiga wurin likita, ni aka bar ni a benci ina gadin takalman wani. Suka fito suka ce ƙari ne a hanji, ƙarin ruwa zai narkar da shi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce da Julanci, duk wanda ke zaune a bencin nan kansa ce ta kawo shi, ruwan kuma shimiyo ake ce masa. Ta haka na san ciwon daji ne. Ban nuna musu na sani ba, su ma ba su nuna mini ba.

Duk bayan mako biyu ake ƙarin ruwan. Zagayen farko na dawo gida ina fahariya, har na ci tuwo. Kwana biyu tsakani sai ga ni a shimfiɗe. Baki ya yi gyambo, duk abin da na sa a harshe ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Da na ɗan miƙe na leƙa rumfa, na sa hannu a firigo, wato firji, in ɗauko kifi, sai na ji kamar wuta ta ja ni har kafaɗa. Na kira mai gyaran wuta. Ya buɗe, ya duba, ya rungumi firigon da hannu biyu ya ce lafiyarsa lau, ya karɓi kuɗin ƙafarsa. Ashe maganin ne ya sa yatsuna ba sa son sanyi. Ƙamshin man suya da na yi shekaru ina shaƙa kuwa, da na ji shi sai amai.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan zawo. Gidan haya muke zaune, bayan gida ɗaya ne ga kowa da kowa. Kafin zagaye na biyu ya ƙare maƙwabta sun gane saurin tafiyata. Da sun ji ƙarar butata sai ka ji ana cewa, “Garba na tafe, a ba shi hanya!” Wani ɗan Gini da ke ɗaki na ƙarshe ya taɓa fitowa da kumfar sabulu a ka don ya ba ni wuri. Allah ya saka masa da alheri.

Amma duk ranar da muka koma, likita za ta yi tambayoyinta masu tsawo, Nasiru zai gaishe ni a madadinta, ni kuma in ce da sauƙi. Har ta fara yabona. Takan ɗaga damtse ta ce Musye Sha'aibu ƙarfe ne. Ta rubuta a ba ni ruwan da ƙarfinsa kamar yadda aka fara, tunda jikina yana ɗauka.

Kuɗi kam sun tafi, ba sai na lissafa ba. Firigo na biyu ya tafi, 'yan kunnen Hajjo sun bi shi. Mutanen Konni da ke nan sun yi mini karo-karo bayan sallar Juma'a, wasu ma ban san fuskarsu ba. Sau da yawa Nasiru ya biya a kantin magani ya ce wai ragi aka yi mana. Wata rana kuma a ce maganin ya ƙare, a tura shi wani gefen gari cikin rana. Bai taɓa ɓata fuska ba.

Masu dubiya su ma sun yi nasu ƙoƙarin. Kowa ya zo da gaisuwa a baki da magani a leda. Yaya Alhaji ya kawo buhun ganyen wata bishiya da ake kira korosol ya ce a dafa ina sha maimakon ruwa. Wata Hajiya 'yar Kano mai shigo da atamfa ta kawo jarkar fitsarin raƙumi da ta ƙetare ƙasa uku a bayan mota. Da aka buɗe murfin, kajin gidan ma sai da suka bar wurin. Maƙwabciyarmu Maman Akisi ta kawo mai daga cocinsu, ta ce ba sai na sha ba, a shafa a ƙofa kawai. Hajjo ta karɓa ta yi godiya, ta zuba a ƙyauren da ke ƙara, ya kuwa daina. Rubutun liman ne kaɗai ya shiga cikina ya zauna lafiya.

Ranar da za a yi zagaye na huɗu muka shiga woro-woro, irin tasin nan ta haɗaka. Ana yayyafi. Muna isa mahaɗar Indénié motoci suka cushe, babu gaba babu baya. Ina tsakiya, Nasiru a dama, wata mata da kwandon ayaba a hagu. Sai cikina ya murɗa. Na danne, na karanta duk abin da na haddace, ya sake murɗawa.

Na ce, “Nasiru, buɗe mini, zan gaisa da wani.”

Ya duba waje. Babu kowa sai motoci da ruwa. Ya buɗe.

Ban kai ko'ina ba. A bayan wani kiyos, ɗan shagon bakin hanya, abin ya faru, ina tsaye, da farar shadda a jikina. Wata mai sayar da soyayyar ayaba ta gani, ta kwance zanenta na sama ta kare ni, ta turo mini bokitin ruwa da ƙafa. Ban san sunanta ba, ban san addininta ba, amma kullum tana cikin addu'ata. Nasiru kuwa yana can nesa, ya juya baya, yana karanta wani allon talla kamar za a yi masa jarrabawa a kansa. Can ya ɓace, ya dawo da wandon gwanjo, ya rataye a jikin kiyos ɗin ba tare da ya waiwayo ba.

Ya ce wa allon, “Baba, na ga ruwan sama ya jiƙa ka.”

Na ce, “Ya jiƙa ni ƙwarai.”

Gida muka koma. Da muka shiga na ce wa Hajjo na bar ƙarin ruwan nan, ko da shi ne zai tashe ni. Idan mutuwa ce ta same ni da wandona a bushe.

Magana ta kai kunnen Yaya Alhaji, ya kira taro ranar Lahadi bayan la'asar a tsakar gidanmu. Aka shimfiɗa tabarma. Ga shi, ga liman, ga wasu dattawan Konni biyu, ga Balkisu a bakin ƙofa da cikinta, ga Nasiru a can gefe a tsugune. Hajjo ba ta zauna ba, tana wanki kusa da famfo.

Yaya Alhaji ya ce, “Ni tun farko hankalina bai kwanta da ruwan nan ba. Ku dube shi. Mutumin da ke ɗaga buhun aceke da hannu ɗaya, yau buta ke rinjayarsa. Akwai wani mai magani a bayan Konni, ya tashi waɗanda suka fi shi lalacewa. A sa shi a mota.”

Balkisu ta ce, “Baba Alhaji, in ya bari yanzu duk wahalar da aka sha ta tashi a banza.”

“Ke yi shiru, me kika sani? Nasiru, kai ne ke shiga. Me matar nan take cewa?”

Nasiru ya dubi ƙasa ya ce, “Ta ce jikin Baba yana karɓar magani fiye da na kowa. Ta ce ba ta taɓa ganin wanda bai kawo kuka ko sau ɗaya ba sai shi.”

Sai muka ji an ajiye bokiti da ƙarfi.

Hajjo ta ce, “Wane jikin? Jikin wa?”

Na ce, “Hajjo, akwai mutane.”

“Na gan su, Malam, ba makauniya ba ce ni. Ina tambaya ne. Wa ke wanke wandunan nan? Alhaji, dubi igiya. Duk na jiya da yau ne. Mutum yana zawo kamar an buɗe famfo, dare da rana, har da jini, a ce bai kawo kuka ba? Kai Nasiru, ka taɓa faɗa mata yana zawo?”

A gaban liman ta faɗi kalmar, a gaban 'yar fari, a gaban suruki. Liman ya shiga jan carbi da sauri. Ɗaya dattijon ya tuna yana da baƙo a gida. Nasiru ya laluba aljihu, amma ranar ya bar wayar a caji, babu abin da zai kara a kunne.

Ya ce, “Inna, ai... ban iya ba.”

“Kai fa, Malam? Ka faɗa?”

Na ce, “Ta bakin wa?”

Ta ce, “To madalla. Maza biyu da gemu. Gobe ni zan kai shi.”

Washegari rumfata ta kwana ta wuni a rufe, abin da ba ta taɓa yi ba in ba ranar salla ba. Ba ranarmu ba ce, don haka muka jira har aka sallami kowa. Muna shiga Hajjo ta gaishe da likita da Julanci. Likita ta amsa da Julanci mai kyau, ashe a Bouaké ta tashi. Duk watannin nan da na buɗe baki da ɗan Julancin da nake sayar da garba da shi, da mun fahimci juna.

Hajjo ba ta rage komai ba. Ta faɗi yawansa, ta faɗi launinsa, ta faɗi na Indénié wanda ban san yadda aka yi ta sani ba. Muryarta kuwa ta kasuwa ce, ƙofa kuma a buɗe. Mai shara ma sai da ya tsaya da tsintsiya a hannu.

Likita ta cire tabarau ta ajiye. Ta dube ni. Sannan ta faɗi maganar da ba zan manta ba: “Musye Sha'aibu, ni ba surukarka ba ce.”

Ta ce zawon yana da magani, aman ma haka, kuma da ta sani tun zagaye na biyu za ta rage ƙarfin ruwan. Ta ce irin wannan zawon yana iya kashe mutum kafin ciwon ya kashe shi. Na ji kunya, na kuma ji haushi, na rasa wanda zan ji haushinsa.

Sai ta tashi ta rufe ƙofa. Ta tambaye ni me aka faɗa mini game da ciwon. Na ce ƙari ne da ruwa zai narkar. Ta tambaya ko ina so in ji yadda abin yake, ko in bar shi a wurin 'yan uwa. Na ce ina so. Ta ce ciwon ya riga ya kai hanta tun kafin in zo. Ruwan ba zai kashe shi ba, sai dai ya hana shi gudu. Ta ce hanya biyu ce: in huta in yi ƙarfi, sannan a koma da ruwa mai sauƙi, ko kuwa in bari gaba ɗaya, su kula da zafi da abinci, ba za su yar da ni ba. Na tambaye ta wanne ya fi tsawon kwana. Ta ce a ganinta na farko, amma ba za ta yi mini alkawarin ko wata ɗaya ba. Ta ce jikin nawa ne, ni zan zaɓa.

Ba mu nemi mota ba. Muka taka a hankali zuwa tashar jirgin ruwa ta Treichville, muka zauna muna jiran na Plateau. Hajjo ba ta yi kuka ba. Ta sayi ruwan leda, ta riƙe shi a tafin hannunta har sanyin ya fita, sannan ta miƙo mini.

Ta ce, “Alhaji ya faɗi nasa, yarinya ta faɗi nata, likita ta faɗi nata. Kai me kake so?”

Na juya ledar ruwan a hannuna. Tun da aka fara babu wanda ya tambaye ni, ni ma ban tambayi kaina ba. Jirgi ya zo ya tafi muna zaune. Sannan na ce ina so in ga abin da yarinyar nan za ta haifa. Ina so in ci abinci in ji ɗanɗanonsa. Kuma ina so in shiga Konni da ƙafata in gaida tsohuwata, kada a sauke ni daga mota kamar buhu.

Ta ce, “To ka sha mai sauƙin mu gani.”

Na ce, “Zan sha. Amma ranar da na ce ya isa, ya isa. Ba taro, ba tabarma.”

Ta ce, “Ni na yarda. Alhaji da 'yarka fa? Ni kaɗai ba zan iya da su ba.”

Bayan kwana biyu Nasiru ya zo. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, “Baba, a yi haƙuri.” Bai faɗi na mene ne ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce ya shigo ya zauna a tabarma. Ya zauna a bakin gefe kamar tana da zafi. Na ce masa na san maganar hanta. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a gwiwarsa. Na ce tafinta kam na sallame shi, amma ina da wani aikin: ranar da na ce na bari, shi zai tsaya tsakanina da Yaya Alhaji da matarsa.

Ya ce, “Baba, in ta yi kuka fa?”

Na ce, “Matarka ce, ka san yadda kake rarrashinta. Ni ba na son in sani.”

Ya yi dariya a gabana, karo na farko, ya yi maza ya rufe baki.

Na huta makonni, sannan aka koma da ruwa mai sauƙi, da ƙwayoyin zawo da na amai a aljihu. Hajjo ce ke raka ni, kuma har masu gadin asibitin sun san labarin cikina. Watannin nan sun yi mini daɗi, ina gode wa Allah da likitar nan. Na koma rumfa ina zama a kujera ina karɓar kuɗi. Na ci naman sunan jikana, namiji ne, na ji gishirinsa. A cikinsu ne ma na shiga ajin manya, don zaman banza ya ishe ni. Saboda haka duk wanda zai je gaban likita, ya tafi da wanda zai iya faɗin zawo a gabansa. Kada kuma ya bar magani don wahalar da bai faɗa wa likita ba, wataƙila tana da sauƙin gyara.

Watan jiya aka sake hoto. Likita ta ce ciwon ya ci gaba duk da ruwan. Akwai wani maganin da za a iya gwadawa, ya fi wannan ƙarfi, amfaninsa kuma ba ta da tabbas. Na dubi Hajjo, na dubi ƙafafuna da har yanzu suke ɗaukata. Na ce ya isa. Likita ba ta ja ba. Ta rubuta mini maganin zafi da takardar da zan nuna a asibitin can gida, ta miƙo hannu muka gaisa.

Kafin magariba Yaya Alhaji ya iso gidan da faɗa. Mutumin da ya ce a bar ruwan tun farko, yanzu shi ne ke cewa ba a isa a bari ba, zai sayar da shagonsa in ta kama. Balkisu tana bayansa da goyo, idanu jawur. Ina ciki a kwance ina jin su. Sai na ji muryar Nasiru a bakin ƙofa.

“Baba Alhaji, a yi haƙuri. Baba ya ce ya isa. A shiga a gaishe shi, amma ban da wannan maganar.”

“Kai! Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kai wane ne a nan?”

“Ni suruki ne kawai. Amma ni ya sa.”

Sannan Yaya Alhaji ya shigo shi kaɗai, ya zauna a bakin katifa, ya kama ƙafata ya riƙe. Sai ya ce, “Motar Konni ta ranar Laraba ta fi kujeru masu kyau. Zan karɓa mana uku, ni da kai da Hajjo.”